Jifa Uku

Na tambayi mai sayar da tikiti a Montreal,
nawa ne nisan Ivujivik daga nan?
Ba ta ɗago ba. Ta danna, ta sake dannawa,
ta ce kusan kilomita dubu biyu,
kamar mai faɗin kuɗin gishiri.

Baba ba ya jin Faransanci. Ya ja mini riga:
Siasi, me ta ce?
Na faɗa masa. Ya shafa hannun nan nasa
da allura ta mayar rariya,
ya ce, da karnuka ne, sai su tsufa a hanya,
'ya'yansu su tsufa,
jikokinsu ne za su kai mu ƙofar gida.
Ya yi dariyarsa shi kaɗai.

Wata goma sha huɗu inji na wanke masa jini,
Litinin, Laraba, Juma'a.
Garinmu ba inji, ba titin mota,
ƙofa ɗaya gare shi, ita ma a sama take.
Likita ta ara mana dare guda, ta ce,
Litinin da safe ina son ganin hannun nan.

Jirgin arewa ba ya miƙewa,
sai ya gaida kowa.
Kuujjuarapik, inda itatuwa suka fara gajarta.
Inukjuak, inda suka haƙura gaba ɗaya.
A Puvirnituq aka sauke kwalayen madara
da wata jaririya cikin hular uwarta,
'yar kwana tara, ba ta san garinsu ba tukuna.
Baba ya manne da taga, goshinsa ya yi sanyi,
yana kiran tsibirai da sunayensu
ɗaya bayan ɗaya,
kamar mai ƙirga yaransa da dare.
Can na kashe dinya biyu da harbi ɗaya.
Can ƙanƙara ta karye da kawunka.
Ni ban ga komai ba sai fari.

Sai iska ta tarbe mu.
Ba baƙuwa ba ce, mun san ta tun muna goye,
ita ke kwance igiyar shanya, ita ke rufe makaranta.
Ta kama fiffike ta girgiza,
shayi ya zube a cinyar wani malami.

Matuƙi ya sunkuyar da jirgi. Ga gari!
Ga jan rufin coci, ga tankin mai,
ga motar Putulik a bakin fili, fitilunta a kunne,
shi kuma a tsaye, ya riƙe hula da hannu biyu.
Ga tudun da Inna take kwance.
Muka yi ƙasa har na ga tsakuwar filin,
sai farfela ta yi kuka, muka koma sama.

Ya zagayo. Ya sake gwadawa.
Wannan karon har na ga kare yana haushi,
ban dai ji muryarsa ba.
Abin da ya rage tsakaninmu da ƙasa
bai fi jifa uku ba.

Babu na uku. Matuƙi ya ba da haƙuri
da harshe uku, duk ɗaya suke.

Mun kwana a Puvirnituq, ɗakin baƙi, gado biyu.
Putulik ya bugo waya, ya ce kifin na nan a daskare,
ya yanka shi tun asuba, ya jera a kan kwali,
mata sun taru, har an dafa ruwa.
Na rasa ta cewa. Baba ya karɓi wayar.

Na ga kwalekwalena, ya ce.
Kun kife shi bakinsa na kallon teku.
Haka na koya maka?
Ka juya shi kafin ƙanƙara ta cika shi.

Ya miƙo mini wayar, ya juya ga bango.
Can cikin dare na ji shi yana kiran tsibiran,
daga arewa zuwa kudu wannan karon,
a hankali, kada ya tsallake ko ɗaya.